Zaɓen Masauki ga Mai Kai Iyalinsa Yankari

Duk magidancin da Allah ya hore wa hali, har ya ƙudurta niyyar kai iyalinsa Yankari a hutun makaranta domin yara su ga giwa da ɓauna da gwanki da idanunsu, su yi tafakkuri a kan hikimar Mahalicci, lalle ya kamata ya yanke shawarar masauki tun kafin ta guzuri. Wannan daji na ƙasar Alƙaleri, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, sansaninsa na Wikki ya haura kilomita 100 daga birnin Bauchi. Saboda haka wanda ya zaɓi kwana a gari, ko a otal ɗin Zaranda ko waninsa, zai isa ne rana ta ɗaga, alhali namun daji sun fi fitowa bakin kogin Gaji da sanyin safiya da la'asar sakaliya, musamman da rani. A ra'ayina kwana a Wikki ya fi alfanu, ko ba komai yara za su more ruwan ɗumin wurin da bai cika gushewa daga digiri 31 ba, rani da damina. Amma fa sharaɗi ne maigida ya bincika tukuna, ya tabbatar da ruwa da wuta da wurin salla, ya kama ɗakin da zai suturta mata, domin amanar iyali a wuyansa take. Sannan su rufe ƙofofi, su ɓoye abinci, don biran wurin ba su da kunya.