Kilimanjaro: A Ƙirga Zango Kafin A Ƙirga Kuɗi

Wanda ya tashi a Haɗeja bai san tudu ba sai na jigawa. Daga Auyo zuwa Kirikasamma, daga Kafin Hausa zuwa Guri, ƙasa a shimfiɗe take kamar tabarma, garin kansa bai kai mita 400 sama da teku ba, shi ya sa idan kogi ya cika ba ya samun abin da zai tare shi. Ba abin mamaki ba ne idan hoton wani ɗan Najeriya riƙe da tuta a ƙololuwar Kilimanjaro, farar ƙanƙara a bayansa, ya ɗauki hankalin matasanmu da ke gani a waya. Dutsen yana arewacin Tanzaniya kusa da garin Moshi, tsayinsa mita 5,895, babu wanda ya fi shi a Afirka. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallata shi a matsayin dutsen da sabon shiga zai iya hawa, kuma akwai gaskiya a cikin zancensu: a hanyoyin da aka saba bi ba a buƙatar igiya ko gatarin sarar ƙanƙara, tafiyar ƙafa ce tun daga ƙofar gandun dajin da dutsen yake ciki har sama. Ina goyon bayan duk ɗan Jigawa da Allah ya hore masa ya je ya gani. Abin da nake ƙi shi ne yadda kalmar “sauƙi” take ruɗar mutane su sayi tafiya mai gajeren zango, alhali abin da ke kare ran mai hawa shi ne yawan kwanakin da ya ba jikinsa.

Haɗarin dutsen nan a iska yake. Duk yadda mutum ya ƙara sama, iska tana ƙara sakwarkwacewa, har ya zama a ƙololuwar da ake kira Uhuru numfashi ɗaya yana shigar da kusan rabin oksijin ɗin da yake shigarwa a bakin Kogin Haɗeja. Jiki yana iya sabawa da wannan, yana ƙara saurin numfashi, yana gyara yadda jini ke ɗaukar iska, amma aikin kwanaki ne, ba a yi masa dole. Idan aka riga jiki zuwa sama, daga wajen mita 2,500 ciwon tsauni yakan fara nuna kansa: kai ya riƙa sara, abinci ya fita daga rai, zuciya ta riƙa tashi, barci ya gagara. Yawanci abin yakan lafa idan aka tsaya aka huta. Idan kuwa aka yi kunnen ƙashi aka ci gaba da hawa, yana iya rikiɗa ya zama ɗaya daga cikin abubuwa biyu masu kisa. Ko dai ruwa ya taru a huhu, mutum yana zaune amma yana haki, yana tari da kaki mai kumfa, wani lokaci da jirwayen jini, ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, a tambaye shi sunansa ya yi ta kame-kame. Maganin farko a duka biyun shi ne a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Likitocin da suka ƙware a wannan fanni suna da ƙa'ida sananniya: idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a yi yini guda ba a ƙara sama ba. Sai mu ɗora wannan ma'auni a kan hanyar Marangu ta kwana biyar, wadda aka fi tallatawa saboda arha da kuma ɗakunan kwana da ke kanta. Daren farko ana kwana a Mandara, wajen mita 2,700. Dare na biyu a Horombo, wajen mita 3,700. Na uku a Kibo, wajen mita 4,700, kuma wannan ba kwana ba ne na sosai, domin da tsakar dare ake tayar da mutane a kama hanyar ƙololuwa. Kowane zango ya ɗara na baya da kusan mita 1,000, ninki biyu ke nan na abin da likitoci suka yarda da shi. Hanyoyi irin su Lemosho, da ake yi a kwana bakwai ko takwas, da Machame ta kwana bakwai, sun fi tausaya wa jiki. A cikinsu akwai ranar da ake haurawa har Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana, sannan a gangaro a kwana a Barranco ƙasa da mita 4,000, jiki ya ɗanɗana sama ya dawo ya huta. Dalilin da ya sa gajeriyar tafiya ta fi arha a fili yake. Hukumar gandun tana karɓar kuɗinta ne a kan kowace rana da kowane dare, ga abinci, ga ladan ma'aikata, don haka kamfanin da yake son ya doke farashin abokin gasarsa ba shi da wurin da zai fi sauƙin yankewa kamar kwanaki. Rarar da mai hawa yake ganin ya samu, daga lafiyarsa aka cire ta.

Za a ce ai wannan tsoron na Turawa ne da suka saba zaman ofis, mu mutanenmu ƙarfafa ne. Lallai ƙarfafa ne. Wanda ya yini a fadama yana dashen shinkafa ruwa har gwiwa, ko masuncin da ke tura kwale-kwale cikin kachalla tun asuba, ko mai sauke buhunan tattasai a kasuwa cikin zafin Afrilu, babu wanda zai koya masa juriya. Sai dai ƙarfin damtse da sabon jiki da ƙarancin iska abubuwa biyu ne daban, kuma masu bincike sun daɗe da gano cewa motsa jiki ba ya hana ciwon tsauni. A watan Disamba na 2010, Martina Navratilova, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan tanis da duniya ta taɓa gani, ta kama hanyar Kilimanjaro domin tara kuɗin taimako. Ba ta kai ba. Ruwa ya taru a huhunta, aka sauko da ita, aka kwantar da ita a asibiti a Nairobi. Mai ƙarfi ma ya fi shiga tarko, domin ƙafarsa tana iya kai shi inda huhunsa bai shirya zuwa ba, ga kuma kunyar a ce namiji ya gaza. Kalmar da jagororin dutsen suka fi maimaitawa da harshen Suwahili ita ce “pole pole”, wato sannu sannu, kuma Bahaushe ya riga ya san cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa dutsen, wadda takardun talla ba kasafai suke ambatonta ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da rukunin jini na AS, da yawa ba su ma sani ba domin lafiyarsu ƙalau. Mai SS bai kamata ya kusanci irin wannan tsayi ba ko kusa, domin ƙarancin iska yana daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai AS kuwa, da yawa sun hau tsaunuka sun sauko lafiya, amma likitoci sun rubuta labarin waɗanda jini ya toshe musu a saifa a can sama, abin da ke zuwa da ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ciwon ciki ne, jagoran da bai san rukunin jininsa ba shi ma haka zai ɗauka. Gwajin nan da ake yi kafin aure shi ne dai ake buƙata, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin jirgi. A yi shi, a kai wa likita sakamakon, a tambaye shi kuma game da ƙwayar acetazolamide da ake sha domin taimaka wa jiki ya saba, sannan a faɗa wa jagora gaskiya tun a Moshi.

Dokar Tanzaniya ba ta yarda kowa ya hau Kilimanjaro ba tare da jagora mai lasisi ba, kuma wannan tsari bai kamata ya zama baƙo ga jikokin fatake ba. A da, ayarin da yake tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, shi ke yanke inda za a yada zango da lokacin da za a ɗaura kaya, kuma attajirin da ya fi kowa dukiya a ayarin ba ya jayayya da shi a kan hanya. Jagora na ƙwarai yakan zagaya tanti-tanti da yamma, ya maƙala wa kowa 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa, ya tambayi wa ya ci abinci, wa kansa ke ciwo, idan ya yi shakkar wani ya sa shi ya taka layi ɗaya, dunduniya a gaban yatsu, ya gani ko zai karkace. Idan irin wannan mutum ya ce a juya, magana ta ƙare. Mai hawan da ya ce ai na biya kuɗina yana jefa jagoran cikin tsaka mai wuya, domin shi ma yana tsoron rasa tukuici. Haka nan 'yan dako, waɗanda su ne suke ɗaukar tanti da tukwane da ruwa a ka, su riga kowa isa zango su kafa komai. Ƙa'ida ita ce kayan baƙo da za a ɗora wa mutum ɗaya kada su wuce kilo 20, kuma akwai ƙungiya a Moshi mai suna KPAP da ke sa ido kan ladansu da abincinsu da suturarsu. Kamfanin da ya yanke kwanaki don arha, da wuya bai yanke haƙƙin ɗan dako ba, kuma wanda ya san nauyin haƙƙin ma'aikaci ya kamata ya tambaya kafin ya biya.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na kuɗi. Da darajar naira a yau, ƙarin kwana biyu ko uku a kan dutsen ba ƙaramin abu ba ne, kuma wani zai ce ko dai ya yi gajeriyar ko ya haƙura gaba ɗaya. Ga kuma abin da ke ingiza mutane su yi gaggawa: ƙanƙarar tana ƙarewa. Binciken Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙanƙarar da ke kan dutsen a 1912 ta ɓace zuwa 2007, UNESCO kuma ta yi hasashe a 2022 cewa ragowar ba za ta wuce 2050 ba. Mutanen da suka ga yadda fadamun Haɗeja da Nguru suka sauya tun bayan gina madatsar Tiga a shekarun 1970 ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda abin da aka gada yake shuɗewa a gaban ido. Duk da haka jinkirin shekara ɗaya ko biyu domin a cika kuɗin tafiya mai kwana takwas ba zai sa a tarar da dutsen babu ƙanƙara ba. Kafin nan kuma akwai inda za a gwada ƙafa da takalmi a gida, daga duwatsun Shere kusa da Jos har Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti na Jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya. Ba za su koya wa jiki iskar mita 5,000 ba, amma za su koya wa mutum tafiyar yini da kaya a baya da kwana a tanti cikin sanyi.

Daren hawa ƙololuwar Kilimanjaro ana tashi ne cikin duhu, fitila a goshi, sanyi ya yi ƙasa da sifili har ruwan gora yana daskarewa, wanda sanyin hunturun Haɗeja bai kama ƙafarsa ba. Ana jan ƙafa a kan tsakuwa mai zamewa awa shida ko bakwai kafin a kai bakin ramin da ke saman dutsen da fitowar rana, sannan a ƙarasa Uhuru, sannan a juyo a yi ta gangara har yamma. Wanda ya isa wannan dare bayan kwana uku a kan dutsen da wanda ya isa bayan kwana shida suna taka tsakuwa ɗaya, amma na biyun jikinsa ya riga ya saba da iskar da na farkon yake haɗuwa da ita a karon farko.