ZAUREN UWARGIDA: Katin Gaisuwa Na Hannu, Ɗan Aiken Da Ba Ya Ƙara Gishiri

A fitowar da ta gabata na yi alkawarin kawo muku yadda ake haɗa katin gaisuwa a gida, wata baiwar Allah kuwa har ta aiko mini da cewa, "Haba Anti, a zamanin waya wa zai tsaya yankan kwali?" To 'yar'uwa, gyara zama ki ji abin da ya faru da ni, in ya so sai ki yanke hukunci da kanki.

Ni dai a garin Isa aka haife ni, yayata kuwa da muke ciki ɗaya aure ya kai ta Sabon Birni, garin da Gobirawa suka kafa ba nisa da kufan Alƙalawa, tsohon birninsu da ya faɗi a 1808. Muna yara, kafin wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, gaisuwa ba ta wuce hanya uku: ko wasiƙa ta gidan waya, ko katin zaɓe a Rima Rediyo da Rediyon Kaduna, ko kuma saƙo a hannun direba. Katin Barka da Sallah na kanti kuwa, mai furanni da ƙyalƙyali, sai wanda ya je Sakkwato ko Gusau, mu kuma ina muka ga kuɗinsa? Sai Yaya ta ƙirƙiro mana dabara. Mu yanka kwalin sukari, mu yanka ɗanyar kuɓewa, mu tsoma a ruwan soɓorodo mu danna. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, ta yi ta faɗa: "Wagga ɓarna ta mi ce? Kun ƙare min kuɓewar miya!" Amma duk katin da muka ba ta, a ƙasan adakarta muka same shi bayan rasuwarta.

Wannan adakar ce kuma ta raba ni da Yaya. Wurin rabon kayan ɗakin Inna magana ta haɗa mu, ta faɗa na faɗa, shaiɗan ya shiga tsakani. Shekara biyu cur ba ta kira ni ba ban kira ta ba, alhali lambarta na cikin wayata, kullum ina cewa ai ita ce babba, ita ya kamata ta nemi ƙanwarta. Malamai sun sha gaya mana gaba tsakanin Musulmi ba ta wuce kwana uku, amma zuciya ta rufe mini ido.

Ana nan sai ga watan Satumba na 2021. Saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnati ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni. Ina zaune a birnin Shehu, kullum sai labarin an shiga ƙauye kaza, mutane sun tsallaka Gidan Rumji ta ƙasar Maraɗi. Ranar da na danna lambar Yaya, bayan shekara biyu, wayar ta ƙi shiga. Wallahi 'yan'uwa nan gabana ya faɗi, na ce yanzu in wani abu ya same ta, da wane ido zan dubi 'ya'yanta?

Na ɗauko biro zan yi wasiƙa, na rasa ta inda zan fara, ga shi Yaya ba ta yi boko mai zurfi ba, sai dai wani ya karanta mata sirrinmu. Ina cikin yankan kuɓewar miyar dare, na dubi bakin yankan, sai hawaye. Na yi kati irin namu na yarinta, fure ɗaya tak a tsakiya, na rubuta "Yaya ki yafe mini", na kai tasha na ba direban da ke bi ta Goronyo. Ragowar labarin yana ƙarshen fili, yanzu bari mu shiga aiki.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Farin kwali mai kauri irin na kantin littattafai, reza sabuwa, almakashi, rula, fensir, ɗan soso, marufan kwalba na zuba kala, da burushi ƙarami. In babu burushi, ki daddaƙa bakin asawaki har ya yi laushi, ko ki naɗa auduga a tsinke. Takardar littafin rubutu ba ta yi, domin da ta sha ruwa sai ta yamutse kamar fatar tsohuwa. Ki yanka kwalin santimita 20 a tsawo, 15 a faɗi, ki ja layi a tsakiya da bayan wuƙa kafin ki ninke, ta haka ba zai karye a muni ba.

HAƊA KALA

Mai hali ta sayi akwatin fentin ruwa na 'yan makaranta. Marar hali kuma kada ta damu, madafinta ya ishe ta. Sirrin fentin ruwa dai ƙaro ne, wannan da ake ɓamɓarowa a jikin dakwara, wanda almajirai ke sa wa tawada. Shi ne Turawa ke saye daga Sudan da Chadi da Nijeriya, su haɗa da garin kala su maido mana a cikin kwali. Ki jiƙa ƙaro kashi ɗaya a ruwa kashi biyu ya kwana, ki tace da tsumma mai tsabta, ki ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsattsage in ya bushe.

Ja: ki jiƙa soɓorodo cikin hannu ɗaya a rabin kofin ruwan zafi, ki tace, ki mayar wuta har ya rage 'yan cokula. Amma fa ki sani, yana bushewa a takarda sai ya juya ruwan makuba. In jan kike so ki matsa masa lemun tsami, in kuwa kin ɗiga ruwan kanwa sai ya karkata wajen shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Rawaya: garin kurkum, shi kuma da ya ji kanwa sai ya koma ja mai duhu. Shuɗi: bular wanki. Kore: bula da kurkum. Baƙi: tawadar allo. Kowace kala ki zuba mata ɗan ƙaramin cokali na ruwan ƙaro. Gargaɗi ɗaya, soɓorodo da kurkum ba sa jure rana, suna koɗewa, saboda haka katin da aka yi da su na cikin adaka ne ko tsakiyar littafi.

SASSAƘA HATIMI

Mafi sauƙi ita ce kuɓewa, Allah Ya riga Ya zana mata furenta, ke dai ki yanka ta a kwance da reza mai kaifi, ki goge yauƙin da tsumma. Sai dankali, wanda mu can gida muke kira kudaku. Ki raba shi biyu, ki zana tauraro ko jinjirin wata ko ganye, ki sassaƙe gefen ki bar zanen a tsaye. Wannan na kwana ɗaya ne ko biyu, daga nan ya yanƙwane. In kina son wanda zai shekara yana miki aiki, ki nemi tsohon silifa ki wanke, ko magogin fensir, a kansu har dagin Arewa ake fitarwa in hannu ya faɗa. Ki riƙa tura reza waje da yatsunki, kuma kada ki bar yara da ita.

A nan ne na taɓa yin abin kunya. Ina amarya, na ɓata yini guda ina sassaƙa BARKA a silifa don in burge maigida, ina dannawa sai ga rubutu ya fito a juye. Ya duba ya duba ya ce, "Wannan ajami ne ko rubutun likita?" To ki sani hatimi kamar madubi yake. Ki rubuta kalmar da fensir mai baƙi a 'yar takarda, ki kifa a kan robar ki murza bayanta, rubutun zai hau a juye, sai ki bi shi ki sassaƙa.

SHAFA KALA DA BUGAWA

Ki fara da shimfiɗa, wato kalar baya. Ki shafa ruwa zalla a fuskar katin, kada ya kwanta, sannan ki ɗiga kala ki bar ta ta bazu da kanta. Rawaya a ƙasa, ja a sama, inda suka haɗu sai ki ga kamar faɗuwar rana a bakin gulbin Rima. Kullum mai haske ake fara sawa kafin mai duhu, domin fentin ruwa ba ya rufe kuskure. Kada kuma ki yi ta kai da komo da burushi wuri guda, kwalin zai saɓule.

Ga dabaru biyu. Tun kalar na da danshi ki barbaɗa gishiri kaɗan, zai tsotse ruwan ya bar ɗigo-ɗigo kamar taurari, in ya bushe ki kakkaɓe. Ko kuma ki yi rubutu da farin kyandir kafin ki shafa kala, ruwa ba ya kama kakin, sai rubutun ya bayyana fari tas. Yara na son wannan ƙwarai.

Sai shimfiɗar ta bushe ƙayau kafin ki buga hatimi, in kin yi gaggawa furen zai narke. Kalar hatimi ta fi ta shimfiɗa kauri. Ki zuba a soso, ki dangwala, ki gwada a tsohuwar jarida, sannan ki danna a katin sau ɗaya ki ɗaga tsaye, ban da murzawa. Gefen katin kuwa ki yi koyi da masu zayyanar allon sauka, layi biyu da 'yan kusurwoyi a jere. In kin gama ki sa shi ƙarƙashin katifa ya kwana don ya miƙe.

ABIN DA ZA KI RUBUTA

Ki taƙaita, kuma ki faɗi naki na zuci, ban da kwafo baitocin littafin soyayya, domin shi ma ya karanta. Kada ki rubuta ayar Alƙur'ani, kati na iya faɗuwa ƙasa yara su taka. Ki tsaya kan fure da ganye da dagi. 'Yanmata kuma, wanda bai zo ya gaida iyayenki ba bai cancanci ko yankin kuɓewarki ba, takarda shaida ce, ba ta mantuwa. Uwargida, ki gwada sa ɗaya a aljihun rigar maigida ranar da zai yi tafiya. Ki gwada kuma kai wa abokiyar zamanki ranar sunan ɗanta, ki ga yadda fuska ke sakewa. Turawa ma da suka mai da abin sana'a, wani mai suna Henry Cole ne a Landan ya sa aka buga masa kati 1,000 a 1843, wanda aka buga dubu kuwa ba zai yi daidai da wanda aka yi wa mutum shi kaɗai ba.

To, mu koma kan Yaya. Kwana 19 ina zaryar tasha, har 'yan kamasho suka san ni. Ranar nan direban ya hango ni ya ce, "Hajiya, ga saƙonki, tac ce in ba ki hannu da hannu." Ƙullin leda ne, ciki kuwa kwalin sukari. Babu rubutu ko ɗaya. Furen kuɓewa ne kawai da ruwan soɓorodo, shida a gefe guda, bakwai a ɗaya gefen, daidai tsagen Gobirci da ke kumatun Innarmu. Nan cikin tasha na durƙusa ina kuka, mutane na tambaya ko rasuwa aka yi. Da layin waya ya dawo, abin da ta fara ce mini shi ne, "Ke dai har yau ba ki iya goge yauƙi ba, furenki duk ya cakuɗe." Adakar Inna kuwa yanzu tana ɗakinta, ni na ce ta riƙe, katunan nan biyu suna ciki.

Saboda haka 'yar'uwa mai tambaya, ki duba cikin danginki, wa kika daɗe ba ki nema ba? Kada ki jira sai layi ya ɗauke. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya maida waɗanda suka bar gidajensu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake ninke ambulan da kuma yadda mace za ta sa wa katunanta farashi lokacin bukukuwan Sallah da suna. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku har kullum, Antinku ta Zauren Uwargida.