Binciken lafiya a jihar Maraɗi: yardar iyaye kaɗai ba ta isa ba

Tun bayan matsalar abinci ta 2005, lokacin da ƙungiyar MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro, jihar Maraɗi ta zama ɗaya daga cikin wuraren da masu binciken lafiya suka fi zuwa a yankin Sahel. A yau ƙungiyar ALIMA da abokiyar aikinta ta cikin gida, BEFEN, suna tallafa wa sashen yara na asibitin Dakoro, cibiyar Epicentre kuma tana da reshen bincike a birnin Maraɗi tun 2009. Tambayar da ke tasowa ita ce: wane matsayi iyayen yaran suke da shi a wannan aiki?

Amfanin binciken a fili yake. A Madarunfa, daga 2014 zuwa 2015, an gwada rigakafin Rotasiil a kan jarirai fiye da 3,500. An gano cewa yana rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin 100, kuma yana jure zafi, abin da ke da muhimmanci a ƙauyen da babu firji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018. Sai dai sakamakon ya fito ne da Turanci a wata mujallar likitoci ta Amurka, harshen da ko ma'aikatan lafiya na Nijar, waɗanda suka yi karatu da Faransanci, ba duka ke jin sa ba.

A ƙa'ida, kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya a Yamai yana duba kowane shiri, sannan a nemi yardar iyaye. Wadda ba ta iya karatu ba za ta dangwala yatsa a gaban shaida. Amma yarda a ƙauye tana da sarƙaƙiya. Uwa ce ke kawo yaro, miji ne ke da ta cewa a gida, kuma idan mai gari ya riga ya yi na'am, da wuya wani ya fito ya ce a'a. Haka nan idan ƙungiya ɗaya ce ke ba da magani kyauta kuma take yin bincike, uwa na iya tsoron cewa ƙin shiga zai hana ɗanta kulawa, ko da an gaya mata ba haka ba ne.

Kano ta nuna abin da ke faruwa idan amana ta karye. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Labarin ya ƙara wa jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta, har da Nijar.

Akwai darasi na daban daga Mirya, a jihar Damagaram. A 2013 da 2014, ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata kusan 13,000 auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai launin ja, ɗorawa da tsanwa. Yaran da iyayensu suka gano sun isa likita da wuri, kaɗan ne suka buƙaci kwanciya, kuɗin aikin kuma bai kai na aika ma'aikatan sa-kai ba. Ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin. An ba uwa aikin yi, ba takardar dangwale kawai ba, sakamako kuma ya gyaru.

Dakoro tana da tata buƙatar. Arewacinta, wajen Bermo, ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye. Bincike yakan zaɓi iyalan da ke zaune wuri ɗaya domin a iya bibiyar yaro na tsawon watanni, sai ɗan makiyayi ya faɗi a waje, a kuma tsara magani da ma'aunin da bai dace da rayuwarsa ba. Makiyayan ne kaɗai za su iya faɗin rijiya ko kasuwar da za a same su a kowane lokaci na shekara.

Sanarwar Helsinki, wadda aka sabunta a Oktoban 2024, ta buƙaci a shigar da al'umma kafin bincike, lokacinsa da bayansa. Kayan aikin suna nan: kwamitocin COGES na cibiyoyin CSI, ƙungiyoyin mata, malamai da gidajen rediyon karkara. Abin da ya rage shi ne hukumomin lafiya su sa sharaɗi: a zauna da wakilan iyaye kafin a rubuta shiri, a karanta takardar yarda da Hausa, Fulatanci da Buzanci, a kuma koma ƙauyen da sakamako, mai daɗi ko marar daɗi. Nijar ta fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a 2024, kuma karɓuwarsa za ta dogara da irin wannan amana.