Lambun Unguwa: Tukunya Tukuna, Sa'an Nan Kasuwa

Ya kai maigida, da ke uwargida, ga wata tambaya. Daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwar ruwan fari, sau nawa ɗanyen ganye ya ke shiga tukunyar gidanku?

A ƙasarmu ta Zuru ruwa yakan ɗauke wajen watan Oktoba, ba ya komowa sosai sai Afrilu ko Mayu. Rumbu yana cike da dawa da masara, amma miya ita ce kuka yau, busasshiyar kuɓewa gobe. Ciki yana cika, jiki kuwa bai sami dukan abin da ya ke bukata ba. Mu da mu ke aiki a ɗakin shan magani muna ganin sakamakon wannan kowace bazara.

Akan kawo mana yaro wanda da rana lafiyarsa lau, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ba ya ganin kwanon tuwo a gabansa. Wannan shi ne dundumi. Ba maita ba ce, ba kuwa sammu ba. Rashin wani sinadarin abinci ne da a ke kira bitamin A, wanda jiki ke samu daga koren ganye, da kabewa, da karas, da manja, da hanta, da ƙwai. In aka ƙyale shi, balle in ƙyanda ta kama yaron, farin idon ya bushe, baƙin ya yi gyambo, wani lokaci idon ya mutu gaba ɗaya. Akan kawo mana kuma mace mai ciki, tana haki daga ɗan tafiya kaɗan. Ka ja fatar idonta ƙasa, ka duba tafin hannunta, ka ga sun yi fari. Jininta ya ragu ke nan, ita ce kuwa wadda zubar jini wajen haihuwa ya fi yi wa haɗari.

Gwamnati tana ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A sau biyu a shekara, shuɗin ƙwaya ga jarirai, ja ga waɗanda suka cika shekara. Masu ciki kuma ana ba su maganin ƙarin jini wurin awo. Lalle ku je ku karɓa. Amma ƙwaya biyu a shekara ba za ta zama miyar kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 kowace rana, watau kamar cikin tafin hannu sau biyar. Gida nawa ne a ƙauyukanmu ke samun ko rabin wannan a watan Maris?

To, shawarata ita ce, kowace unguwa ta yi lambu guda na tarayya kusa da rijiya ko bakin fadama. Gida ɗaya ba ya iya shinge da ban ruwa shi kaɗai. Awaki su cinye masa cikin dare ɗaya, ko maigida ya yi tafiya kwana uku shuka ta ƙone. Amma gida goma in sun haɗu, shinge ɗaya ya isa, rijiya ɗaya ta isa, ban ruwa kuwa a yi shi bi da bi. Mutanen da suka tashi da golmo da gayya ba sai an koya musu aikin taro ba. Akwai kuma wani dalili da kowa ya sani. Tun 2021 da shekarun da suka biyo, ɓarayin daji sun hana jama'a da yawa a Danko/Wasagu da Sakaba zuwa gonakinsu na nesa, waɗansu ma sun baro garuruwansu. Lambun da ke bakin gari mace da yaro suna iya zuwa su komo kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Ku je wurin mai unguwa ko dagaci ya ba da wuri a gaban shaidu. A raba fangali-fangali, kowane gida da nasa, a kuma ba gwauruwa da baƙon da ya gudo nasu. Ni a ganina fangalin ya zama a hannun matan gida, domin su suka san abin da tukunya ta rasa.

Alayyafo ya fi kome sauri, cikin mako huɗu an fara tsinka. A shuka sabon fangali kowane mako biyu don kada ya yanke. Karas da salak suna son sanyin hunturu. Kuɓewa kuwa ta fi son ɗumi, wata biyu ta fara 'ya'ya. A sa rama da yakuwa da lalo, a kafa zogale jikin shinge, shi kam shekara da shekaru ana cin ganyensa. Akwai dankali mai jan ciki kamar karas, yara suna son zaƙinsa, yana kuwa da bitamin A da yawa. A gefe a sa ɗaɗɗoya da na'ana'a da shuwaka don ƙanshin miya da shayi. Amma a ji ni da kyau: ba su warkar da zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya yi zazzaɓi, a kawo shi a gwada jininsa ran nan.

Yanzu ga inda na ke saɓawa da mutane da yawa. Da lambu ya yi kyau sai 'yan sari su zo, a kwashe kome a kai kasuwar Zuru, yaran gida su koma wa kuka. Za ka ce mini, "Malam, kuɗin makaranta fa? Kuɗin sabulu fa?" Gaskiyarka. Sayar da tumatir da albasa da tattasai, su ne masu kuɗi. Amma ganye, kada damin farko ya fita gida sai an ɗebi na miyar yau. Kuɗin alayyafon da ka sayar ba zai kai kuɗin mota da na jinya ba ran da aka ce a kai matarka babban asibiti a ƙara mata jini.

Lambu ma yana iya kawo cuta in an yi sakaci. Masai ya yi nesa da rijiya kamar mita 30. Kada a zuba kashin mutum. Takin dabbobi a tara shi ya ruɓe sosai kafin a zuba. Kada a bar ruwa ya kwanta, gidan sauro ke nan. Kada a tura yara su shiga kududdufi ɗebo ruwa, nan a ke ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Fiya-fiya guba ce, ba a fesa ta a kan abin da za a ci. Toka da jiƙon ganyen dogon yaro suna rage ƙwari. Duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Ke kuma uwargida, ki sa ganye daga ƙarshe, kada ya dahu har ya yi baƙi. Ki rage kanwa. Ki zuba ɗan man gyaɗa ko manja, gama bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da mai. Jariri ya cika wata shida, ki dama masa garin zogale kaɗan a kunu, kina ci gaba da ba shi nono. In ganye ya yi yawa ki shanya a inuwa, domin rana tana ƙone amfaninsa.

Maganar iri da tazarar shuka, ku tambayi malamin gona na yankinku. Ga kuma Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru tun 2020, 'ya'yanku da ke karatu can su taimaka. A gama shinge cikin Oktoba tun ƙasa da laima, a zuba iri a farkon Nuwamba.