Darasin da 'Yar Tirela Ta Koya Mini

Kakar bara, da na lissafa kuɗin da na biya masu a-kori-kura don kwaso masara daga gonata zuwa Zariya, sai na yanke shawarar haɗa 'yar tirela mai taya biyu wadda motata za ta riƙa ja. Na sayo tsohon akasil da sifirin a kasuwar Panteka ta Kaduna, na kai wa wani dattijo mai walda. Cikin mako uku aka gama, na shafe ta da fenti da hannuna, ina ta alfahari.

Ranar da zan ɗauke ta, dattijon ya ce mini, "Malam, in ka ɗan yi tafiya, ka tsaya ka sake bin notin nan da sifana." Na ce, "To, Baba," amma a zuci na ɗauka tsoron tsufa ne kawai.

A tafiyar farko na ɗoro buhu shida, na kamo hanya bayan magariba. Can sai na ji tirelar tana rawa. Ina taka birki, wani mai babur ɗauke da yara biyu ya kauce da ƙyar, ya faɗa gefen hanya. Allah ya tsare, babu wanda ya ji rauni. Da na haska, sai na ga fitilun bayan tirelar duk a mace, kuma biyu daga notin taya huɗu na hagu suna juyawa da yatsa. Laifin nawa ne, kuma fentin da nake taƙama da shi ne sanadi.

Ga yadda abin yake. Noti yana riƙewa ne saboda matsin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan akwai fenti ko tsatsa a tsakani, girgizar hanya takan murƙushe shi, matsin ya ragu, notin ya saki. Shi ya sa ake ɗaure notin taya a gicciye, wannan sannan na daura da shi, a kuma sake bin su bayan kamar kilomita 50 na farko. A wurin da ke ɗaukar nauyi, a nemi ƙusar da aka buga wa lamba 8.8 a ka, domin ta fi mai 4.6 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗaurewa fiye da kima ma illa ce, don takan cinye zaren.

Fitilun kuwa, wutar batir mai bolt 12 sai ta samu hanyar komawa kafin ƙwai ya kama. Ni na gwada su kafin fenti, na kuma ɗaure wayar at a kan fentin ban sake gwadawa ba. A soket mai baki bakwai irin na Turai, farar waya ita ce at, ja ta birki, rawaya siginar hagu, koriya ta dama. Wurin da fara za ta zauna dole a kankare shi har ƙarfe ya fito.

Akwai kuma batun lodi. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kaya ya kasance gaban akasil, domin tirelar da bayanta ya fi nauyi takan yi wutsiya da mota. A kuma sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin maɗaurin, ko da zai zare.

Ban rubuta wannan don in hana kowa ƙirar gida ba. Masu waldarmu suna da basira, kuma manomi yana buƙatar sauƙi. Sai dai duk abin da ya hau titi ya shiga hakkin jama'a. Mai karatu, in kana jan irin wannan tirela, sa yaro ya tsaya a baya, ka taka birki, ka kunna sigina, ka bi notinka da sifana kafin ka tashi. Ni dai na koma wurin Baba na ba shi haƙuri, sifana kuma ta samu mazauni a motata.