Maƙerar Rogo da Bindigar Harbin Nesa: Tazarar Tana Cikin Awo

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, masu sha'awar harbin nesa kan ba maƙerin bindiga aiki ya haɗa masu tasu ta musamman, irin wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Da yawa daga cikinsu sun samo asali daga tsarin da Paul Mauser na Jamus ya kammala a 1898. Da irinta gwani kan sami abin da ya saita daga nisan mita dubu. Sirrin duk yana cikin awo: ƙarfen da aka san iyakar ƙarfinsa, bututu mai murɗaɗɗen zane daga ciki wanda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, da sassan da aka daidaita har ƙasa da kaurin silin gashi.

A Rogo Ruma da sauran karkarar Rogo da Ƙaraye, bindigar da maharbi ya gada ita ce ta ɗuri, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga. Cikin bututunta sumul yake, albarushinta da ido ake aunawa, amfaninta kuma na kusa ne. Wannan tazara tana da tarihi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, ta bar ƙofa ga tsofaffin bindigogin ƙanƙara. Maƙerin ƙasar Hausa ya kwaikwayi abin da ya zo hannunsa, da zuga-zugi da masaba, kuma ya ƙware.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta san da wannan maƙeri. Ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sai na ɗuri, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da takardarsu. Ta kuma ba Sufeto Janar ikon ba da izinin ƙera na ɗuri da gyaransu, da yardar Gwamna. Hanyar tana nan a takarda, amma ciyawa ta cinye ta. Don haka sana'ar ta koma bayan ɗaki, inda babu mai gwada bututu kafin a saya. Ranar da ya fashe, yatsun maharbi ko idonsa ne ke biyan kuɗin gwajin.

Ingila ta taɓa fama da irin wannan. A 1813 majalisar dokokinta ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham. A can ake yi wa bututu ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, in ya jure a buga masa hatimi, har yau kuma laifi ne a sayar da marar hatimi.

Masu adawa da yin rajista suna da hujja mai nauyi. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, kuma duk abin da ya yi kama da sassauci kan makami abin tsoro ne. Sai dai bindigar da ba ta da lamba ita ce ba a iya bin sawunta. Shi ya sa yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta nemi ƙasashe su ƙidaya masu ƙera na gida, su yi masu rajista, a riƙa sa wa makamai shaida.

Ƙera bindigar harbin nesa aikin masana'anta ne, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma can ya kamata ya tsaya. Ta ɗuri kuwa, Gwamnatin Kano da rundunar 'yan sanda suna iya raya tanadin 1959: masarautar Ƙaraye, ta hannun dagatai da sarakunan maƙera, ta tattara sunayen masu sana'ar, a gwada kowane bututu, a buga masa lamba, a rubuta sunan mai saye. Yaran maƙera masu basira kuma a tura su kwalejojin fasaha su koyi injin gyaran ƙarfe da awo, ilimin da injin ban-ruwa da na markaɗe a Rogo ke buƙata kullum.