Kwaɗo a Rufe, Makulli a Jiki



Makon jiya a wani ofishi a Gusau, na ga mai kula da rumbun bayanai ya danna manhajarsa, ta buɗe ba ta nemi kalmar sirri ba. Ya ce ya adana ta ne don gudun wahala.

Wasu manhajojin suna ajiye kalmar a fayil kamar yadda aka rubuta ta, ba a rikita ta ba. Ɓarawon kwamfuta ko mai gyara zai karanta ta cikin sauƙi. Facebook ma ta amsa ajiye kalmomin sirrin jama'a haka a 2019, kuma a 2024 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta tarar Yuro miliyan 91.

A nan Zamfara abin ya wuce tara. Jerin sunaye, albashi da lambobin wayar ma'aikatan Tsafe ko Bunguɗu, in ya faɗa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto, maganar rai ce.

A ganina, a daina adanawa. In ya zama dole, a sa babbar kalmar sirri mai kulle sauran. Ku ma masu ajiye lambobin masu sayen littattafanku, amana ce a wuyanku.